Amsoshin Tambayoyinku: Ko Maraɗi Za Ta Iya Sauke Allunan Talla Daga Bakin Hanya?

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne, mazaunin Jiratawa. Kusan kullum ina shiga Maraɗi a kan babur, wani lokaci in zarce Tibiri wajen dangi. Na lura tun daga bakin gari har cikin shataletale manyan allunan talla sai ƙaruwa suke yi: na kamfanonin salula, na masu aika kuɗi, na dunƙulen miya, na ƙungiyoyin agaji. Wani ya tare wani, wani ya tsufa ya yi tsatsa ba mai waiwayarsa. Kwanan baya a fadarmu wani abokina ya ce akwai garuruwan da suka hana kafa irin waɗannan alluna ɗungurungum, muka yi ta musu har shayi ya huce. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, hukuma tana da hurumin hana ɗan kasuwa tallata hajarsa? Da za a yi haka a Maraɗi, garin da ya dogara da saye da sayarwa, ba za a kashe ciniki ba? Sannan rage talla yana ƙara wa mutum kwanciyar hankali, ko dai zancen ƴan boko ne kawai?

Daga wani malamin makaranta, Jiratawa, jihar Maraɗi.

AMSA

Mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara basira. Tambayoyi huɗu ka haɗa a ƙunshi ɗaya, don haka za mu kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ga amsar a dunƙule kafin bayani: abokinka ya yi gaskiya, hukuma tana da hurumi, kuma inda aka sauke allunan kasuwa ba ta mutu ba. Sai dai abin da ya dace da Maraɗi shi ne a raba allon da ke nuna wa mutum inda abu yake da allon da aka kafa don kawai a kama idon mai wucewa. Na farko a bar shi, na biyun a rage shi, a kuma fitar da shi daga wasu wurare baki ɗaya.

Garuruwan da suka gwada

Misalin da ya fi shahara shi ne birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil, wanda a lokacin yake da mutane wajen miliyan 11. A watan Satumba na 2006 majalisar birnin ta amince da wata doka da aka sa wa suna “Birni Mai Tsabta”, da ƙuri'a 45, mutum ɗaya tak ya ƙi. Magajin garin na lokacin, Gilberto Kassab, ya ɗauki cunkoson alluna a matsayin ƙazantar da ido ke sha, wadda ta cancanci a yaƙe ta yadda ake yaƙar hayaƙi da shara. Dokar ta fara aiki a 2007, aka sauke manyan alluna kimanin 15,000. Aka hana liƙa talla a jikin bas-bas da motocin haya, aka kuma ƙayyade girman rubutun da mai shago zai kafa a ƙofarsa. Shagon da faɗin gabansa bai kai mita 10 ba, allonsa ba zai wuce murabba'in mita ɗaya da rabi ba. Wanda ya saɓa, tara ta hau kansa.

Kamfanonin talla sun yi ta kururuwa cewa mutane za su rasa aiki, birni zai yi duhu, sun kuma garzaya kotu, amma dokar ta tsaya. Da aka sauke allunan sai tsofaffin gine-gine masu kyau suka bayyana, tare da su kuma unguwannin talakawa da allunan suka daɗe suna karewa daga idon masu motoci. Bayan shekara biyar, ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na mazauna birnin sun gamsu da dokar. Akwai ƙarashen labarin da ba a cika faɗa ba: daga baya birnin ya sake buɗe ƙofa kaɗan, ya yarda a sa talla a rumfunan jiran bas da agogunan kan titi, bisa sharaɗin kamfanin da zai ci riba shi zai gina su ya kuma kula da su.

A Faransa, birnin Grenoble ya bi wata hanyar. A ƙarshen 2014 magajin gari Éric Piolle ya ƙi sabunta kwangilar da ke tsakanin birnin da kamfanin JCDecaux. Aka cire alluna 326, aka dasa itatuwa wajen 50, aka kafa ƙananan allunan sanarwa na ƙungiyoyin unguwa da harkokin al'adu. Tsohuwar kwangilar tana kawo wa birnin kimanin Yuro 600,000 a shekara, wato wajen miliyan 393 na Sefa, kuma sun san da haka suka haƙura. A can ma tallar rumfunan bas ta ci gaba, don ba birnin ne kaɗai ke da iko da su ba.

A Amurka, ƙasar da talla ta fi ko'ina ƙarfi, jihohi huɗu sun hana manyan allunan bakin hanya: Hawaii tun 1927, Vermont a 1968, Maine a 1977, sai Alaska. Jihar Vermont ta yi wata dabara da za mu koma kanta a gaba. Gwamnati ce ke kafa ƙananan alluna iri ɗaya, girma ɗaya, masu ɗauke da sunan otal ko shago da kibiya da nisan wurin. Baƙo ya sami hanya, dutse da daji kuma suna nan ido na ganinsu.

Ba ko'ina aka yarda ba. A watan Maris na 2023 mutanen Geneva a ƙasar Siwizalan sun jefa ƙuri'a a kan hana tallar kasuwanci a titunansu, kusan kashi 52 cikin 100 suka ce a'a. Legas kuwa, da ta fi kusa da mu, ba ta hana ba, hukuma ta kafa a 2006 mai suna LASAA, wadda ke ba da izini, tana karɓar kuɗi, tana tumɓuke allon da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba. Ka ga ke nan tsakanin sakin layi da hani baki ɗaya akwai matakai da yawa.

Ina hukuma ta sami hurumi?

Sai mun duba yadda cinikin allo yake tafiya kafin amsar ta fito. Akwai mai allo, wanda ya kafa ƙarfen. Akwai mai haja, wanda ya yi hayar fuskar allon na wata uku ko shekara. Akwai hukuma ko mai fili, wanda ya karɓi nasa rabo. Kuɗin haya kuwa ana yanka shi ne bisa yawan masu wucewa, shi ya sa allon shataletale ya fi na lungu tsada nesa ba kusa ba. Abin da ake sayarwa a wannan ciniki idonka ne, Malam, kai da ke kan babur, kuma ba wanda ya zauna da kai aka yi ciniki.

A nan tallar allo ta rabu da tallar da muka gada. Yarinya mai tallar ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa ta yi kira a ƙofar gida, ka ce ba ka saye, ta wuce. Makaɗin mahauta ya buga kalangu, gari ya san an yi yanka, ya gama ya ajiye. Mai shela ya zaga da saƙon sarki, ya koma gida. Ko rediyo ce, in talla ta dame ka sai ka murɗa. Allo kuwa ba ya jin “albarka”. Yana nan safe da yamma, a kan hanyar da ba ka da wata sai ita, yana magana da babba da yaro ba tare da ya nemi izini ba. Tun da hanya ta jama'a ce, jama'a na da ikon gindaya sharaɗi a kan wanda zai ci kasuwa da ita. Malamanmu ma suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta aikin lada ne.

A dokar Nijar wannan hurumi ba baƙo ba ne. Dokar yaƙi da taba mai lamba 2006-12, ta ranar 15 ga Mayu 2006, ta hana tallar taba sigari, ga shi kuwa ba a hana sayar da ita ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna an riga an yarda cewa halaccin haja daban, ƴancin tallata ta a bainar jama'a daban. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na watan Satumba 2010 ya ɗora wa ma'aikatun magadan gari kula da tsabta, tsari da lafiyar jama'a a titunansu, dokokin haraji kuma sun ba su damar karɓar kuɗi a kan tallar da aka kafa a waje. Wanda ke da ikon ba da izini yana da ikon hana shi, ko ya ba da shi da sharaɗi. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu, jami'an riƙo da gwamnati ta naɗa ne ke tafiyar da waɗannan ma'aikatu, amma aikin bai tashi daga kansu ba. Bakin manyan hanyoyin ƙasa kuma akwai hannun ma'aikatar da ke kula da hanyoyi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta rai. Ranar 13 ga Mayu 2024 iska ta kayar da wani ƙaton allo a kan gidan mai a unguwar Ghatkopar ta birnin Mumbai a Indiya, mutum 17 suka mutu, fiye da 70 suka ji rauni. Tsawonsa ƙafa 120 ne, faɗinsa 120, a garin da doka ta ce kada a wuce 40. Mu da muka san iskar farkon damina, wadda ke yaye kwanon ɗaki ta jefa shi gidan maƙwabci, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. In ka sami dama ka tsaya ka zaga bayan ɗaya daga cikin tsofaffin allunan nan. Za ka ga ƙafafun ƙarfe biyu ko huɗu da aka dasa cikin siminti, tsatsa ta ci gindinsu daidai inda ruwa ke kwanciya, walda ta fara buɗe baki, ga mai shayi ya jera bencinsa a inuwar, ga yara masu jiran adaidaita. Fuskar allon ana sabunta ta duk lokacin da aka sami sabon mai haya, gindin kuwa sai ranar da ya faɗi ake tunawa da shi.

Akwai kuma ɗauke hankalin direba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2006, inda aka sa kyamara a cikin motoci 100, ya nuna cewa kawar da ido daga hanya fiye da daƙiƙa 2 yana ninka haɗarin karo. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita 33 a cikin daƙiƙa biyun nan. A mararrabar da kabu-kabu da adaidaita da amalanken shanu da babbar mota ke rububin wuri ɗaya, mita 33 tazara ce mai yawa.

Ciniki zai mutu?

Tarihin Maraɗi da kansa ya amsa wannan. Alhazan garin, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, sun yi arzikinsu ne da gyaɗa, da fatu, da fiton kaya zuwa Najeriya. Jarinsu amana ce da sanayya: ubangida da yaransa, dillali da baƙonsa, bashin da ake bayarwa da baki a kuma biya a kan lokaci. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai saboda kyan fatarta. Zogalen da ake nomawa a fadamar Jiratawa yana shiga buhu ya tafi garuruwa masu nisa, kuma ba a taɓa jin mai saye ya ce allo ne ya turo shi ba.

Ka tuna kuma lokutan da kasuwar garin ta ji jiki da gaske. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake toshe hanyar Ɗan Isa da Jibiya bayan Yuli 2023, har zuwa farkon 2024. A duk tsawon waɗannan watanni alluna suna tsaye ƙyam da launukansu, ƴan kasuwa kuwa suna zaune sun yi tagumi. Iyaka, darajar Naira, da albarkar damina, su ne ke juya cinikin Maraɗi.

Sai ka duba su wane ne a kan manyan allunan. Kamfanonin salula ne, da bankuna, da masu aika kuɗi, da masu kayan masarufi na gwangwani da leda. Aikin allo a wurinsu shi ne kada a manta da suna da launi. Shi ya sa da Celtel ta koma Zain a 2008, Zain ta koma Airtel a 2010, ko da Orange ta koma Zamani bayan an sayar da ita a 2019, aka bi bangaye da rumfuna ana sake fenti. Ba wanda zai daina kiran waya don an sauke allo. Kuɗin tallar za su koma rediyo da talabijin da ɗaukar nauyin kokawa, gidajen rediyon gari irin su Anfani ma su samu.

Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa tallarsa daban take. Mai aski ya kira mai zane, ya zo da gwangwanayen fenti uku da buroshi, ya zana kawuna shida a jikin falle ɗaya na katako, kowane da irin askinsa. Tela ya rataya riga ɗaya da ya ji da ita a ƙofar shago. Mai gyaran taya ya kafa tsohuwar taya a bakin kwalta. Mai fetur ya jera kwalabe a kan tebur, rana na haska su, ba harafi ko ɗaya, amma duk mai babur ya gane. A ƙasar da manya masu iya karatun boko ba su kai rabi ba, wannan talla ta fi dogon Faransancin da ke saman ƙarfe isar da saƙo. Duk dokar da za ta taɓa waɗannan mutane ta ɓata hanya.

Adalci ne kuma a faɗi amfanin talla. Sabon ɗan kasuwa da ba shi da ubangida, ba shi da suna, da ita yake sanar da kansa. Sabuwar makaranta ko ɗakin shan magani na bukatar a san inda suke. Saƙon rigakafin shan inna da na gidan sauro a allo ake kai shi. Talla tana iya karya farashi ma: masanin tattalin arziki Lee Benham ya nuna a 1972 cewa tabarau ya fi tsada a jihohin Amurka da suka hana tallarsa, don mai saye ba ya sanin inda araha take. Ga masu walda da masu ɗab'i da ke ci daga sana'ar, ga kuɗin shiga na ma'aikatar magajin gari, wadda ba ta da rarar da Grenoble ke da ita. Waɗannan dalilai ne suka sa ba mu ba da shawarar a yi wa alluna kuɗin goro ba.

Batun kwanciyar hankali

Wannan ba zancen ƴan boko ne kawai ba, akwai bincike a kai. A 2019 wasu masana huɗu, cikinsu har da Andrew Oswald na Jami'ar Warwick a Ingila, sun duba bayanan mutane kusan miliyan ɗaya a ƙasashen Turai 27, daga 1980 zuwa 2011. Sun ga cewa idan kuɗin da ake kashewa a talla ya ƙaru a ƙasa, bayan ɗan lokaci gamsuwar mutane da rayuwarsu takan ragu. Dalilin da suka kawo mai sauƙin fahimta ne: aikin talla shi ne ta nuna maka abin da ba ka da shi, ta sa wanda ke hannunka ya yi maka ƙanƙanta. A Turai aka yi binciken, amma ciwon da ya gano mun san shi, kuma maganinsa muke kira wadatar zuci.

A Landan, hukumar sufuri ta hana tallar abinci mai yawan sukari da gishiri da maiƙo a jiragen ƙasa da tashoshin bas tun Fabrairu 2019. Binciken da ya biyo baya ya nuna magidanta sun rage sayen irin wannan abinci da kusan kashi 7 cikin 100 idan aka kwatanta da abin da aka yi hasashe. Ƙasar Suwidin ta hana tallar talabijin da ke farautar yara ƴan ƙasa da shekara 12 tun 1991, lardin Quebec na Kanada kuma ya hana tallar da ke nufin ƴan ƙasa da 13 tun 1980. A matsayinka na malami ka san dalili: yaro ba ya bambance labari da talla.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa juna. A Maraɗi tallar da ta fi shiga rayuwar mutane ta kunne take shigowa, da ta aljihu. Motar mai maganin gargajiya ta tsaya kusa da makaranta ko bakin kasuwa, lasifika na zayyana cututtukan da ba a faɗa a gaban suruki, uba da ƴarsa na wucewa kowa ya sunkuyar da kai. Salula ta yi ƙara da tsakar dare, ka zabura ka ɗauka ko wani ne ba lafiya, ashe garaɓasa ce. A WhatsApp da TikTok ana tallar man bilicin, da cacar ƙwallo, da kayan ɗakin da ke sa amarya ta raina abin da mahaifinta ya iya yi mata. A duniya baki ɗaya fiye da rabin kuɗin talla yanzu intanet yake tafiya, rabon allunan waje bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wanda ya sauke alluna ya bar waɗannan, kamar ya share ƙofar gida ne ya bar shara jibge a tsakar gida. Sauke allo zai ba ido hutu, ya rage haɗari, ya fito da kyan gari. Hutun zuciya kuwa sai an haɗa da abin da mutum zai yi da wayarsa da kunnensa.

Abin da zai dace da Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Mataki na farko ƙidaya ce. Kowane allo a manna masa lamba, da sunan mai shi, da ranar da izininsa zai ƙare. Wanda ba shi da lamba a ba mai shi wa'adi, in ya cika a sauke. Wannan ya haɗa da allunan ayyukan agaji da ke tsaye a bakin kusan kowane ƙauye, wasu aikin ya ƙare shekara da shekaru, rubutun ya goge, sai ƙarfen. Sharaɗin izini ya zama wanda ya kafa shi zai tumɓuke.

Na biyu, a ware wuraren da ba a kafa allon kasuwanci ko da nawa za a biya: shataletale da mararraba, gaban makarantu da asibitoci, masallatai da maƙabartu, da harabar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri. Garin da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke ya cancanci baƙo ya fara ganin fadarsa kafin ya ga farashin kiran waya.

Na uku, a sa iyaka ga girma da tsawo, a kuma duba gindin kowane allo sau ɗaya a shekara kafin hadari ya fara haɗuwa. Allon da mai shago ya kafa a jikin shagonsa, matuƙar bai shiga hanya ba, a ƙyale shi, kada ya zama wata sabuwar ƙofar tatsar talaka.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafarka. Maraɗi birni ne mai gundumomi uku. Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa tana ƙarƙashin Madarunfa, kowace da ma'aikatar magajin garinta. Ranar da Maraɗi ta tsananta ita kaɗai, masu alluna za su matsa ƴan mitoci kaɗan su tsallake iyaka, su jera su a hanyar Tibiri da hanyar kudu da ta ratsa ƙasarku zuwa Ɗan Isa. Birni ya huta, ku ku gaji kayan. Dole hukumomin uku su zauna su yi ƙa'ida ɗaya. A waɗannan hanyoyi ne dabarar Vermont za ta yi amfani: ƙananan alluna iri ɗaya, da Hausa da Faransanci, masu nuna gidan mai, asibiti, masauki ko kasuwa, da nisan kowanne.

Na biyar, wanda ke son idon jama'a ya biya jama'a da abin da za su gani. Kamfani ya gina rumfar jiran mota, ko ya kafa fitila mai aiki da hasken rana, ya sa sunansa a jiki daidai gwargwado. Kuɗin izinin sauran alluna a ware wani kaso a dasa itatuwa. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka hau da garin Maraɗi kan tudu aka yanka masa tituna masu faɗi, shirin Maraɗi Kwalliya na 2015 kuma ya ƙara shimfiɗa kwalta. Filin yana nan, saura a zaɓi abin da za a cika shi da shi. Jihar da manomanta, tare da na Damagaram, suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin toho ya girma, ba za a koya mata darajar inuwar gawo ba.

Na shida, a sa wa lasifikar talla lokaci da wuri, a nisanta ta da makarantu da asibitoci, a kuma hana kalaman batsa. Wannan ba ya cin ko dala, kuma jama'a za su ji sauƙinsa tun ranar farko.

Lokacin yin wannan tsari yanzu ne. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Maraɗi mutum 267,249, kuma kowa ya ga yadda ya bazu tun daga lokacin. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, in ya iso zai zo da baƙi da kamfanoni da masu neman wurin kafa ƙarfe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hana allon da ba a kafa ba takarda ɗaya ce, sauke wanda aka riga aka sa hannu a kwangilarsa kuwa shari'a ce da biyan diyya.

Abin da ke hannunka

Ku haɗu da ƙungiyar iyayen yara ta makarantarku ku rubuta wa ma'aikatar magajin gari takarda cikin ladabi, da tambayoyi uku: alluna nawa ne ke da izini a ƙasarmu, nawa suke kawowa a shekara, kuma wa ke duba ƙarfinsu kafin damina? In akwai allon da ya karkata ko ya tare ganin mai fitowa daga kwana, ku ɗauki hotonsa ku haɗa da takardar, ku kai kwafi ga hakimi ko mai gari. Ƙorafin da ya zo da hoto da sa hannun mutane da yawa ya fi wuyar ajiyewa a aljihun tebur.

A aji kuma kana da abin da ya fi doka tasiri. Ka kawo wa ɗalibanka talla guda, ta allo ko ta rediyo ko ta waya, ku warware ta tare. Wa ya biya kuɗinta? Me yake so in yi? Me ya faɗa, me ya ɓoye? In ya ce “kyauta”, a ina zai mayar da kuɗinsa? Yaron da ya saba yin waɗannan tambayoyi tun yana aji biyar zai yi wuyar ruɗuwa, ko a bakin hanya ko a cikin salula.